Yadda Tela Ya Ɗinke Babur

"Duk wanda ya iya keken ɗinki," in ji Tela, yana kaɗa yatsa, "babu injin da zai gagare shi a duniya. Jirgin sama ma ai keken ɗinki ne da aka yi wa fikafikai."

A falon surukinsa ya yi wannan cika baki, bayan an ci an sha, ciki ya ɗauka baki ya buɗe. Kafin mu yi nisa, abokina, bari in gabatar maka da mutumin, kada ka ɗauka wani gwani ne. A allon shagonsa ya rubuta Sarkin Almakashi, amma duk unguwar ba mai kiran sa haka. Gobe-da-safe ake ce masa, domin ko maɓalli ka kai a ɗaura maka, amsar da za ka samu ke nan. Ba ya rubuta awo, wai a ka yake riƙewa. Shi ya sa za ka ga dogon mutum yana yawo da wando iya ƙwauri, gajere kuma yana sharar titi da nasa. In ka koma da ƙorafi sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce kai ne ka canza, wandon yana nan yadda aka auna. Ba mugu ba ne, wallahi. Bakinsa ne kawai ya fi hannunsa sauri.

Surukin nasa, wanda kowa ke ce wa Baba, tsohon malamin asibiti ne da ya yi ritaya, mutum mai ƙarancin magana. Yana da wani tsohon babur a ɗakin ajiya, lulluɓe da tamfol, irin baburan nan na da masu nauyi da faffaɗan tanki. Ingarma yake kiran sa. A kansa ya yi yawon allurar ƙauyuka tun yana saurayi, a bayansa kuma ya riƙa ɗaukar matarsa, wadda Allah ya yi wa rasuwa shekarun baya. Tun rasuwarta Ingarma bai ƙara tashi ba.

Baba yana kuma da shago a gaban gidan, mai faɗi, yana kallon babban titi, wanda mai haya ya tashi ya bari. Surukai biyu ne suka sa masa ido. Akwai Tela, mijin babbar 'ya, wanda shagonsa wani rami ne a ƙarƙashin matakalar bene cikin lungu, in mai ɗinki ya shigo sai shi ya fita. Akwai kuma Mai kemis, mijin ƙaramar, wanda Tela ke kira Likitan-bayan-kanta. Tela yana son shagon nan har cikin ransa. Ya gaji da ramin, ya gaji da buga kai a matakala, ya kuma gaji da kallon da matarsa ke yi wa ƙanwarta in an zo maganar rufin asiri.

To a ranar ne Baba ya ce bakanike ya duba Ingarma, ya ce gyaransa zai ci abin da ya fi ƙarfin ɗan fansho. Mai kemis ya ba da shawarar a sayar wa masu tsofaffin ƙarafa a huta. Sai Baba ya ce:

"Ni ba hawa nake so ba. Ƙararsa nake so in ƙara ji ko sau ɗaya. Mahaifiyarku tun daga kwanar titi take gane ta, kafin in iso ta ɗora ruwan wanka."

Falon ya yi tsit, 'ya'yan suka sunkuyar da kai. Mai hankali a nan sai ya yi shiru shi ma. Tela kuwa gani ya yi ƙofa ta buɗe, ya saki maganar keken ɗinki da jirgin sama. Bai tsaya nan ba. Ya ce makanikai ɓarayin zaune ne, shi zai tayar da Ingarma kafin ƙarshen wata, kuma ko sisi ba zai fito daga aljihun kowa ba, babur ɗin da kansa zai biya kuɗin gyaransa. Matarsa ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya janye ƙafar ya ci gaba.

"In na kasa, Baba, a ba Likita makullin shago ya jera kwalabensa. In kuwa kunnenka ya ji ƙarar, makulli nawa ne."

"Da bakinka ka faɗa," in ji Baba.

"Da bakina, Baba."

Baki shi ke yanka wuya, amma a ranar Tela ji yake wuyansa na ƙarfe ne.

Washegari aka ɗoro Ingarma a kura aka kai lungu. Tela ya ture keken ɗinki gefe, ya aro sifana, ya hau kwancewa. Ka san yadda ake warware riga da reza? Haka ya yi wa babur, daga wuya har ƙasa, bai bar noti ɗaya a mazauninsa ba. Ƙanana ya watsa su a gwangwanin maɓallai, manya ya jibge a kwandon ƙyallaye. Matarsa da ta kawo masa abincin rana ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon tulin ƙarafa, ta tambaye shi ko ya lura da inda kowanne ya fito. Ya buga goshinsa da yatsa, ya tuna mata cewa shi a ka yake riƙe awo. Ta ce ai abin da ke ba ta tsoro ke nan.

Ya wanke komai da kananzir, ya shafe da man keke, ya hau harhaɗawa. Inda noti ya ƙi shiga ya nemi wanda ya yarda. Inda waya ta yi tsawo ya sa tef ya auna, ya ga ɓarna ce, ya datse. Da ya gama, ga abu a tsaye mai kama da babur, ga kuma kwano cike da ƙarafan da ba su sami wuri ba.

Kai da ni, in muka ga haka, gabanmu faɗuwa zai yi. Tela murna ya yi. Ka ga a sana'arsa, yadi in aka kawo aka yanka riga, abin da ya ragu sunansa ƙyalle, kuma ƙyalle na tela ne, ba mai tambaya. Tela ma ana gane gwanintarsa ne da yawan abin da ya iya ragewa. Saboda haka da matarsa ta ga kwanon ta dafe ƙirji, sai ya dube ta da tausayi.

"Uwar yara, wannan ƙyalle ne. Su kamfani ba su san tattali ba, zuba ƙarfe kawai suke yi kamar na banza. Ni na fitar da babur cif, ga saura."

"Baban yara, babur ba yadi ba ne."

"Komai yadi ne in ya zo hannun gwani."

Suna cikin haka sai ga Ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya turo kurarsa cikin lungun yana buga ƙarfe. Abin nema ya samu. Tela ya miƙa masa kwanon, ya karɓi abin da ya karɓa, ya wuce kasuwa ya sayo jan fenti da madubai. Ya dawo yana taku ɗai-ɗai, yana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa ga shi nan, babur ya fara biyan kuɗin gyaransa.

Da fenti ya bushe ya zuba fetur, ya tara maƙwabta, ya hau ya buga kik. Ingarma ya yi wani tari guda ɗaya, irin na dattijon da aka tasa daga barci, ya koma ya kwanta. Ya ƙara bugawa, shiru. Ya yi ta bugawa har gumi ya jiƙe masa riga, maƙwabta suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Nan ya yanke hukunci cewa ɗinkin ne ya ɗan matse, sai an warware an sake.

Ya warware ya sake. Wannan karon ƙyallen ya fi na farko yawa, tarin ma babu. Ya ce alama ce mai kyau, ciwon ya fita.

Abin da ya ƙara masa ƙarfin gwiwa shi ne Ɗan gwangwan. Mutumin da a da sai a yi mako ba a gan shi ba, yanzu kullum yana bakin shago da sassafe, yana tambaya ko akwai saura. Ya ce ya sami wani mai saye da ba ya son ƙarfen komai sai na wannan babur, ba ya ciniki, ko ɗan noti ne ya karɓa ya sa a aljihu kamar zinariya. Tela ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce Allah ya ƙara mana irin waɗannan sakarkaru, da su ake cin abinci. Bai tambayi ko wane ne ba. Bai kuma tuna cewa Ɗan gwangwan in ya fita daga lungu, gangara yake bi, ta gaban gidan da wani dattijo ke zama a kujerar roba kowace yamma yana kallon titi.

Daga nan abu ya zama sana'a. A kwance, a harhaɗa, a rage, a sayar. Wani ƙarfe dogo da ya tashi daga wajen ƙafa zuwa tayar baya ya dame shi, ya ga yana ɓata tsari, ya cire. Murfin da ke kare tayar baya ya ga ya tsufa, ya cire. Da kuɗinsu ya sayo ham mai kukan agwagwa da wasu fitilu masu launi. Kullum Ingarma yana ƙara kyau yana rage nauyi, Tela yana cewa ƙiba ce ke sauka, lafiya ke nan.

Ana tsakiyar wata Baba ya zo da kansa, yana dogara sanda. Tela ya hango shi daga bakin lungu. Ka san dabarar teloli: in mai kaya ya tunkaro, sai a fizgo yadinsa a ɗora a keke, ya tarar ana kan aikinsa. Tela ya ajiye kofin shayi, ya shafa baƙin mai a goshi, ya kwanta ƙarƙashin babur yana ƙwanƙwasa sifana a inda babu noti. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya shafa tankin da tafin hannu, ya leƙa cikin inji. Can ya ce, a hankali, in aikin ya yi nauyi a maido masa da abinsa yadda yake, ba zai riƙe kowa a rai ba, maganar shago kuma sai a zauna a sake.

Ka ga ƙofar fita ke nan, a buɗe, har da tabarma. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Amma Tela ya leƙo daga ƙasa yana murmushi.

"Haba Baba, aiki ya zo wuya. Gobe da safe ma sai ya tashi, ni ne nake so in yi masa gugar ƙarshe."

"To, Allah ya taimaka," in ji Baba, ya juya ya tafi.

A gida matarsa ta yi masa magana ta gaskiya. Ta ce ita ba shagon ne ya dame ta ba, mahaifinta ne, domin babur ɗin nan shi ne abin da ya rage masa na mahaifiyarsu. Maganar ta taɓa shi, don yana son matarsa, yana kuma jin nauyin dattijon. Ya kwana yana juyi. Amma da gari ya waye sai ya tuna fuskar Mai kemis da yadda zai karɓi makulli yana murmushin nan nasa na mai ba da magani, sai tausayin ya koma gefe.

Wata ya zo ƙarshe, sai matsala ta ɓullo ta inda bai zata ba. Tayoyin Ingarma sun ruɓe, ka hura da safe su kwanta kafin hantsi. Tayoyi kuwa ba a ɗinka su. Ƙyalle ya ƙare, domin injin ya riga ya zama ƙwarya, ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa. Ɗan gwangwan ya zo ya ce sakaran nan yana tambaya ko za a sayar da kwanson injin gaba ɗaya, zai biya da daraja.

Tela ya zauna ya yi lissafi irin na tela. A duk shekarunsa na ɗinki, bai taɓa ganin wanda ya juya riga ya duba cikinta kafin ya biya ba. Abin da ido ya gani shi ake yaba wa. Taya ana ganin ta, inji kuwa wa ya san abin da ke cikinsa? In ya kai babur yana sheƙi, ya ce inji na hutawa, sai gobe da safe, ai Baba mai kunya ne, zai ba da makulli. In ya shiga sabon shago ciniki ya buɗe, sai ya sayi inji ya saka a ɓoye, kowa ya huta. Ya sayar da kwanson da sarƙa da duk abin da ke manne, ya sayo tayoyi na hannu. Sandar kik kaɗai ya riƙe, don ita ana ganin ta daga waje.

Saura ramin da inji ya bari a tsakiyar babur. Nan fa gwanintar ta motsa. Ya yanko baƙar leda mai kauri irin ta kujera, ya ɗinka ta da siffar inji, har da layi-layi a jiki. Ya cusa mata ƙyallayen da ya tara shekara da shekaru har ta yi tauri, ya ɗaure ta a wurin, ya liƙa sandar kik a gefe da zare mai kauri. Ya yi wa sirdi riga mai aiki, ya rataya tuntaye a hannuwa. Ya ja da baya ya duba, ya ce ko kamfanin da ya ƙera shi sai ya yi kishi. In faɗa maka gaskiya, daga nesa abin ya yi kyau. A duk rayuwarsa bai taɓa ɗinki mai kyan wannan ba.

Ranar alkawari iyali suka taru a ƙofar gidan Baba da yamma. Baba na kujerarsa ta roba, 'ya'yansa mata a tsaye, Mai kemis ya harɗe hannuwa. Maƙwabta ma sun fito, don labarin ya zaga. Dabarar Tela mai sauƙi ce: daga bakin lungunsa zuwa gidan gangara ce, zai hau ya sulalo, in ya iso ya ce ya kashe inji tun daga sama don ladabi. Ya saka babbar rigarsa sabuwa, wadda ya ɗinka wa kansa da yadi mai yalwa, ya tura Ingarma bakin gangara, ya haye ya ɗage ƙafa.

Da farko abin ya tafi kamar a mafarki. Iska na kaɗa riga, tuntaye na rawa, yana matsa ham agwagwa na kuka, yana ɗaga wa mutane hannu. Babur da aka rage wa ƙiba kuwa ba ya wasa da gangara. Da ya hango gidan ya taka birki, sai ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba ta tarar da kowa ba. A lokacin ne ya gane aikin dogon ƙarfen nan da ke ɓata tsari. Ya damƙe na hannu, wayar da ya datse da tef ta zare ta yi lilo. Ya sa takalma a ƙasa, ɗaya ya fita ya yi nasa waje. Mai lemo da ke gefen titi ya kwashi farantinsa ya haye baranda.

Abin da ya cece shi rigarsa ce. Gefenta ya faɗa cikin wayoyin tayar baya, inda a da akwai murfi, taya ta hau naɗewa. Ta ci gefe, ta ci baya, ta ja wuya, ɗinkin kafaɗa ya buɗe kamar yadda ɗinkinsa ya saba, rigar ta zame daga jikinsa ta shige taya gaba ɗaya. Taya ta cije, Ingarma ya ja ƙasa ya tsaya daidai gaban kujerar Baba. Tela ya sauko daga shi sai hula da singileti da wando da takalmi ɗaya.

Wani sai ya nemi ƙasa ta tsage. Shi kuwa borin kunya ya hau. Ya gyara hula, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce ya kashe inji tun daga sama kada ƙara ta firgita manya, tsayuwar nan kuma da aka gani gwaji ne. Matarsa ta rufe fuska da mayafi.

Baba ya dubi babur ɗin, ya yaba fenti, ya yaba sirdi. Sannan ya tambaya yadda aka yi duk wannan ba a kashe sisi ba. Tela ya ji an zo wajen da yake so. Ya miƙe, ya juya yadda maƙwabta za su ji, ya ba da labarin ƙyalle tun daga kwanon farko, da yadda kamfani ke ɓarnar ƙarfe, da yadda Allah ya haɗa shi da wani mai saye.

"Wani sakarai ne, Baba, ban ma san shi ba. Tarkacen da ba su da amfani yake bi yana saye ba ciniki. Kuɗi ne suka yi masa yawa, hankali ya yi masa kaɗan."

"Sakarai ne sosai?" in ji Baba.

"Baba, in sakarkaru suka yi taro, shi za su ba kujera."

Baba ya gyaɗa kai, ya ce to a tayar a ji. Tela ya ce inji ya yi zafi da gudun nan, ba a tayar da tsohon inji da zafi, sai gobe da safe. Mai kemis, wanda aikinsa ne taɓa goshin masu zazzaɓi, ya ce bari ya ji zafin. Ya sunkuya ya ɗora hannu. Ya ɗan danna, yatsansa ya nutse. Ya ƙara dannawa, ɗinkin gefe ya ce ɓarak, ƙyallaye suka fara zubowa, ja da kore da mai fure.

Ƙanwar matarsa ta sunkuya ta ɗauki wani babban yanki ta ɗaga.

"Yaya, wannan ba yadina ba ne da ka ce bai isa a yi hannu ba?"

Wata maƙwabciya ta matso ta gane nata. Wani dattijo mai wando iya ƙwauri ya tsinci ragowar ƙafar wandonsa, ya tsaya yana gwada ta a ƙwaurinsa.

Baba ya tashi da sandarsa, ya zo ya kama sandar kik, ya ja, zaren ya tsinke.

"Ara mini wannan," ya ce. "Ita kaɗai ta rage."

Ya shige gida ya nufi ɗakin ajiya. Aka ji 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashen sifana. Sai aka ji tari, aka ƙara jin tari, sannan wata ƙara mai kauri ta tashi, tuf-tuf-tuf, a natse, har ƙofar ɗakin na rawa. Kowa ya ruga ciki. Ga injin Ingarma a kan benci, an ɗaure shi da katako, an rataya masa gorar fetur a ƙusa, kowane noti a mazauninsa. A gefe ga dogon ƙarfen birki da murfin taya da sarƙa, an jera su a kan tamfol, an goge tsaf. Tun ranar da kwanon farko ya wuce ta gabansa a kura Baba ya gane kayansa, ya ja Ɗan gwangwan gefe. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana gyaran babur ɗin nan a hanyoyin ƙauye, abin da ya hana shi taɓa shi tun rasuwar matarsa zuciya ce, ba rashin sani ba. Ganin ana watsar da shi ɗaya-ɗaya ne ya sa ya ɗauki sifana.

Yana tsaye hannunsa a kan benci, idonsa ya kawo ruwa, bai ɓoye ba. 'Ya'yansa mata suna kuka suna dariya. Ya bar injin ya daɗe yana yi, sannan ya kashe, ya share fuska, ya juyo wajen Tela da ke rakuɓe a bakin ƙofa da takalmi ɗaya.

"Sakaran yana gaishe ka," ya ce.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin shago ya miƙa wa Mai kemis. Tela ya bi makullin da ido har ya shige aljihun Likitan-bayan-kanta, ya ji ramin matakala yana kiran sa. Duk da haka, ka san hali zanen dutse. Ya gyara murya ya ce, cikin ladabi, tun da inji ya samu, a bar masa sauran aikin, zai ɗora shi a kan babur gobe da safe.

"A'a," in ji Baba. "In dai sai ya koma hannunka, to ka sayar wa Ɗan gwangwan, ni in saya a wajensa. Ta nan kaɗai kayana ke dawowa gida lafiya."

Aka shigo da Ingarma tsakar gida, ana jan sa don tayar baya ta ƙi juyawa. Tela ya juya zai sulale, Baba ya kira shi, ya nuna masa rigar da ta naɗe a taya, ta yage ta sha ƙasa, ya sa aka miƙa masa almakashi.

"Ba na cin haƙƙin sana'a. Babur nawa ne, ƙyalle na tela ne. Durƙusa ka kwashe abinka."